Na doshi hamsin, ina so in koma hawa keke: ta ina zan fara?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ta tsakani da Allah. Ina so in koma hawa keke zuwa wurin aiki. Rabona da keke tun ina sakandare, yanzu kuwa na doshi hamsin, ga tumbi ya fara leƙowa. A Kano nake, gidana Hotoro, ofishinmu wajen Nasarawa, tafiyar ba ta kai kilomita 8 ba. Abu biyu ne suka tura ni: mai yana cinye albashi, sannan likita ya ce sukarina ya fara hawa, in ban motsa jiki ba sai dai in fara shan magani. Motar tana nan, ba sayar da ita zan yi ba. Wane irin keke ya dace da ni, kuma ta ina ake farawa? Wanda ya taɓa yi nake so ya yi magana.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, kafin a kai ga irin keken, Hajiya ta sani? Don in ba ta sa hannu ba, keken nan a zaure zai tsufa.

Baban Ummi:
Ta sani. Ta ce in dai zan yi, in fita da sassafe kafin maƙwabta su buɗe ƙofa.

Alhaji Na-Fagge:
To ai Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni fa ban ga dalili ba. Mutum da girmansa, da iyali, ana ce masa yallaɓai a ofis, a wayi gari a gan shi yana murza feda a titin Maiduguri? Gobe za ka ji an ce arziki ya karye. Akwai masu neman 'ya'yanka aure nan gaba, kuma garin nan ka san yadda ake auna mutum. In motsa jiki ne, ka je filin sukuwa bayan asuba ka zagaya a ƙafa, ko ka sayi keken nan na tsakar gida da ba ya zuwa ko'ina.

Malam Mai Alli:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Ni malamin makaranta ne, na koma keke bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ka tuna lita tana ƙasa da naira 200, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Babur ɗina na jingine. Makon farko ɗalibai suka yi ta dariya ta taga, abokan aiki suna "Malam, lafiya dai?" Daga nan shiru. Kowa da abin da ya dame shi, babu mai lokacin ƙirga tayoyin wani. Yanzu a gindin darbejiyar makarantarmu ba keke na kaɗai ake jinginewa ba.

Kuma ina so mu tuna, iyayenmu da keke aka san su da mutunci. Mahaifina ma'aikacin En'e ne, Raleigh ɗinsa har lambar lasin yake da ita, ranar Juma'a ya goge shi, ya naɗe babbar riga a kafaɗa ya tafi masallaci. Kamfanin Raleigh na Ingila har masana'anta ya yi a nan Kano saboda kasuwar da yake da ita. Yaushe ne abin hawan iyayenmu ya zama abin kunya?

Alhaji Na-Fagge:
Malam, lokacin mahaifinka motoci nawa ne a Kano? Zamani ya wuce nan.

Ɗan Kurna:
Zamanin ne ya dawo, Alhaji. Mu ma ba mu gayyace shi ba.

Usman Mai Faci:
A bar maganar kunya tukuna, Yallaɓai keke ya tambaya. Sana'ata ce, bari in faɗi abin da nake gani kullum.

Manya masu dawowa keke kashi biyu ne. Akwai mai zuwa ya ce shi irin na da yake so, Raleigh ko Phoenix ko Hero, baƙi, taya 28, kariya a baya. Keken nan yana da daɗin zama, mutum yana miƙe, bayansa ba ya ciwo, kayan gyaransa ko a ƙauye akwai. Illarsa biyu: nauyi, da birkin ƙarfe. Birkin nan da damina, in rim ya jiƙe, sai ka matse ka ji keke yana ci gaba da tafiyarsa. Ga shi babu giya, in ka zo hawan gada da tumbi sai ka sauka ka tura.

Kashi na biyu mai sayen ɗan Kwatano mai giya, taya 26. Shi nake ba ka shawara, amma ka je da wanda ya sani. Ka duba jikin ƙarfen ko akwai walda ko tsagewa, musamman wuyan keken da ƙasan sirdi. Ka ɗaga taya ka juya ta, in tana rangaji rim ya karkace. Ka kama feda ka girgiza gefe da gefe, in tana ƙwas-ƙwas boris ya tafi. Kada ƙyalli ya ruɗe ka: sababbin nan masu arha da sifirin gaba da baya, nauyi ne kawai, wata uku sun fara kuka. Kuma kada ka sayi mai siririyar taya irin ta 'yan tsere, titinmu ba nata ba ne, tubunta ma sai ka sha yawo kafin ka samu.

Abu na ƙarshe, girman keken. Ka tsaya ƙafa biyu a ƙasa, sandar tsakiya tana tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai ɗan sarari. Da yawa suna sayen na yara matasa don ya fi arha, sai gwiwa ta hau ciwo su ce keke ne bai karɓe su ba.

Baban Ummi:
Usman, na gode ƙwarai. Ni dai zuciyata tana kan irin na da ɗin, don shi na sani. Giyar nan ban taɓa taɓa ta ba.

Usman Mai Faci:
Yini ɗaya ka iya, Yallaɓai. Ƙa'idarta ɗaya: kana murzawa kake sauyawa, ba a tsaye ba, kuma ka sassauta ƙafa lokacin. Ka sauka zuwa mai laushi kafin ka fara hawan tudu, ba sai ka maƙale a tsakiya ba. Amma ka kula da birkin gaba na ɗan Kwatano, yana kamawa nan take. Wanda hannunsa ya saba da birkin Raleigh yakan damƙe shi da ƙarfi, sai ya tsinci kansa a gaban keke. Ka matsa biyun tare, a hankali.

Sista Maman Khalil:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in sa baki ta ɓangarena. Baban Ummi, shawarar da ka yanke mai kyau ce, keke ya fi gudu sauƙi ga gwiwar mai jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Tafiyarka wajen rabin awa ce a natse, zuwa da dawowa sau uku a mako ma ka cika har ka ɗora.

Sai dai kada ka fara da zuwa ofis. Abin da ke yaudarar manya shi ne jiki ba ya mance daidaito a kan keke, kana hawa za ka ji kamar jiya ka sauka. Amma zuciya da huhu da cinya ba na ɗan shekara 17 ba ne. Ka fara da minti 10 zuwa 15 a cikin unguwa bayan sallar asuba, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ma'auninka: in kana iya magana kana tuƙi, daidai ne; in numfashi ya hana ka haɗa jimla, ka rage. A auna hawan jininka kafin ka fara. In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko ciwo yana tafiya kafaɗa da hannu, ka sauka nan take ka nemi asibiti, ba a jarumta da wannan.

Masu shan maganin sukari irin glibenclamide ko masu allurar insulin, ku riƙa sa dabino a aljihu, don motsa jiki yana iya sauke sukari ƙasa sosai. Alamarsa rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa ta farat ɗaya.

Ɗan Kurna:
Sista, tunda kin zo, a yi haƙuri, tambayar da kowa ke riƙe da ita a ciki: an ce keke yana kawo basir, yana kuma rage wa namiji ƙarfi. Ni dai ɗan aike ne.

Sista Maman Khalil:
Ɗan aike, ka koma ka gaya wa wanda ya aiko ka: keke ba ya haifar da basir, amma mai shi in ya tashi, zaman sirdi zai ƙara masa zafi, sai ya huta har ya lafa. Ɗaya maganar kuma, abin da aka sani shi ne sirdi siriri ko wanda hancinsa ya ɗaga sama yana danne jijiyoyin wurin, mai doguwar tafiya ya ji wurin ya mutu. In ka ji haka, sirdin ne bai zauna daidai ba, a gyara shi. Ga mai rabin awa zuwa aiki, sukari da hawan jini da ƙiba su ne suka fi yi wa namiji wannan illar, keken kuwa yaƙarsu yake yi.

Usman Mai Faci:
Gaskiyar Sista. Sirdi ya kwanta daidai, kada hanci ya kalli sama. Tsayinsa kuma: ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. In ka mayar da gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, shi ke nan. Manya suna son sirdi ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, tsoro ne, kuma shi ke kashe gwiwa. Ciwon mazaunai na makon farko da na biyu kuwa babu makawa, kowa sai ya sha.

Injiniya Sharaɗa:
Duk na ji, amma babu wanda ya taɓo abin da ya hana ni. Ba kunya ba ce, titi ne. Kano ɗin da muka yi keken haya muna yara ba ita ce ta yau ba. Tun da aka hana acaɓa a 2013, adaidaita sahu suka cika gari, kuma gefen titin da mai keke zai bi nan ne tasharsu. Yana gabanka, fasinja ya ɗaga hannu, ya yanke ya tsaya ba sigina. Ga tireloli a titin Maiduguri da bai-fas, ga yashi a gefen kwalta, ga kwatoci a buɗe. Manyan gadojin da aka yi, Ƙofar Nasarawa, Dangi, Hotoro, da mota aka yi tunaninsu. Ina mai keke zai raɓa?

Ku tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri zamanin Obasanjo. Shi ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, har ya riƙa zuwa aiki da shi a Abuja, bas ta ture shi ya faɗa kwata. Minista ke nan, a Abuja.

Malam Mai Alli:
Injiniya, haɗarin gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Amma hanyar mota daban, hanyar keke daban. Wanda ya daɗe a mota kansa ya haddace manyan tituna kawai. Ni sai da na sake koyon garin: lungunan da mota ba ta shiga, layukan cikin unguwa, bayan makarantu. Tafiyar takan ɗan fi tsawo amma hankali a kwance. In na zo shataletale mai cunkoso, sauka nake in tura keken in tsallaka tare da masu ƙafa, ba abin da ya ragu a jikina. Kuma ina fita kafin bakwai, lokacin 'yan kai yara makaranta ba su cika hanya ba.

Abin da ba na yi ko da wasa shi ne bin hannun da ba nawa ba. Masu keke da yawa suna ganin in suna fuskantar motoci sun fi tsira. Direban da zai fito daga layi ba ya duba wannan ɓangaren, can yake kallo inda motoci ke tahowa. Sannan kada ka shiga tsakanin tirela da gefen titi a kwana, direban ba ya ganinka sam.

Injiniya Sharaɗa:
Wannan duk dabarar tsira ce ta mutum ɗaya. Ni abin da nake cewa aikin hukuma ne. Ana yawan kawo misalin Holan, wai kekuna sun fi mutane yawa, wai Mark Rutte yana firaminista da keke yake zuwa ofis. Gaskiya ne. Amma su ma ba haka suka tashi ba. Farkon shekarun 1970 motoci suna kashe musu yara, iyaye suka fito zanga-zanga, sai ga matsalar mai ta 1973 har aka riƙa hana tuƙa mota ranar Lahadi. Daga nan aka shiga ware wa keke hanyarsa. Mu tsadar man ta zo, hanyar ce ba a ware ba. Duk 3 ga Yuni a yi bikin ranar keke ta duniya, manya su hau a ɗauki hoto, a mayar da kekunan sito.

Bazazzagi a Tamale:
Ba sai an je Turai ba. Ni ina Tamale a arewacin Ghana, manyan titunan garin akwai gefen da aka ware wa keke da babur. Tsoho, ma'aikaci, mace da goyo, kowa hawa yake, babu mai waiwayen wani. Zafin rana kuwa ba su bar Kano da nisa ba.

Yerwa Boy:
Mu a Maiduguri tun 2011 da aka hana babur keke ya zama ruwan dare. Dole ce ta fara kawo shi, daga baya ya zama jiki. 'Yan mata ma suna zuwa makaranta a kai.

Hajiya Bamaradiya:
To tunda an ambaci mata, ni ma ina da tawa. Ina yarinya a Maraɗi na iya keke sarai, da na yayana na koya. Aure ya kawo ni nan, yau shekaru masu yawa ban hau ba, kuma wallahi ina marmari. Na je Wagadugu na ga mata tsofaffi da kaya niƙi-niƙi a kan keke, ko a jikinsu. Nan kuwa in na fito layinmu, yara ne za su biyo ni da ihu.

Alhaji Na-Fagge:
Hajiya, ke kuma a rufa mana asiri. Muna fama da Baban Ummi.

Sista Maman Khalil:
Alhaji, ciwon sukari bai san mace ko namiji ba, kuma matanmu sun fi zama wuri ɗaya. Hajiya, in maigida ya amince, ki nemi wuri mai katanga, harabar makaranta da yamma ko rukunin gidaje mai ƙofa, ku haɗu ku biyu ko uku. Keken mata marar sandar tsakiya za ki nema, da wando a ciki. Ki kula da dogon hijabi, in ya shiga tayar baya yana fizgar wuya, haɗari ne sosai. Mai tsayi zuwa gwiwa, ko ki tattare shi ki zauna a kai.

Usman Mai Faci:
Maza ma haka. Ƙafar wando ta dama ita sarƙa ke ci. A naɗe ta ko a sa roba, ko a sa wa keken murfin sarƙa.

Baban Ummi:
Jama'a, ga rahoto. Na bi shawarar Usman, na samu ɗan Kwatano mai giya, wani ƙanina da ya san harkar ya raka ni. Ina zagaya unguwa bayan asuba. Maganar Sista ta tabbata: hawan farko ko tangaɗi ban yi ba, har na fara jin kaina, ban kai ƙarshen layi na uku ba cinyoyi suka ɗauki wuta. Zama a kujerar ofis kuwa sai a gefe ɗaya. Yanzu ya fara sauƙi.

Abin da ban zata ba shi ne gaisuwa. A mota hannu kawai kake ɗagawa, a keke kuwa dole ka tsaya. Dattawan majalisar bakin masallaci sun tare ni, ɗaya ya ce in motar ta lalace ne yana da bakanike mai amana, wani kuma ya karɓi keken ya zagaya da shi, ya dawo yana haki yana cewa rabonsa da hawa tun mulkin Shagari. Ofis dai ban kai ga zuwa ba tukuna. Ina tunanin gumi. Ya kuke yi?

Malam Mai Alli:
Madalla, Yallaɓai. Gumi: kada ka goya jaka a baya, ita ke jiƙa riga, ka ɗaure ta a kariya. Ka tafi da riga mai sauƙi, kaftanin a ninke cikin leda, in ka isa ka huta minti 10, ka yi alwala, ka sauya. Da safe in ba tsere kake ba gumin kaɗan ne. Dawowa ce matsala a watan Afrilu da Mayu, rana tana kai maki 40. Ni a bazara sai bayan la'asar nake tasowa, da gorar ruwa. Da hunturu kuma takunkumi saboda ƙura, da safar hannu don sanyin asuba. Da azumi ina rage kwanakin, ba na yi wa kaina dole.

Usman Mai Faci:
Da hunturun nan kada a zuba wa sarƙa baƙin mai, ƙura yake kamawa ya zama turɓaya mai cin haƙoran giya. Mai kaɗan, a goge da tsumma. Iska kuma a duba duk mako, taya mai laushi ita ke yawan faci, ita ke sa ka gaji. In kana bin lungu da fili, ka kiyayi tsidau, rabin facin da nake yi shi ne. Ka sa famfo ƙarami da tubu ɗaya a jaka. Kwaɗo kuwa mai kauri, ka haɗa jikin keken da ƙarfe ko bishiya, ba taya kaɗai ba. Ko sallah za ka shiga ka kulle.

Injiniya Sharaɗa:
Da hular kwano, da fitila gaba da baya, da rigar nan mai ƙyalli in magariba za ta same ka a hanya. Ban sauya ra'ayi kan titi ba, amma tunda ka riga ka hau, aƙalla a gan ka.

Baban Ummi:
Fitila na saya. Hular kwanon ce nake ta jan ƙafa, ina zan sa hulata zanna?

Ɗan Kurna:
A leda tare da kaftani, Yallaɓai. Kai da ka hau keke a gaban majalisa, me ya rage?

Alhaji Na-Fagge:
Ni har yanzu ban gamsu da zuwa ofis ba. Zagayen unguwa da asuba wannan daban, babu mai gani. Usman, irin na da ɗin, mai kariya da ƙararrawa, har yanzu ana samun mai kyau? Yaron shagona ne yake tambaya.

Usman Mai Faci:
Ana samu, Alhaji. Yaron shagon nawa ne tsayinsa, kuma yana da tumbi?

Malam Mai Alli:
Baban Ummi, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan biyo ta Hotoro bayan asuba, mu gwada hanyar ofis ɗin tare lokacin titi ba kowa. Akwai layukan da za su fitar da mu ba tare da mun hau gada ba. Injiniya, in kana da keke a sito ka kakkaɓe shi.

Injiniya Sharaɗa:
Tayoyinsa sun bushe. Usman, 26 guda biyu da tubu, nawa za su tsaya min?